Kafin Ka Sayi Dashe, Ƙirga Jarka: Yadda Ake Zaɓen Shuke-shuke Masu Araha Don Gida a Katsina

Duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗowa daga gabas a ƙarshen bazara, masu renon dashe sukan ƙara yawan ledojin da suke jerawa a bakin titunan Katsina, kuma duk wanda ya gina sabon gida a bayan ganuwa, inda babu inuwar da ko akuya za ta fake, sai ya ji zuciyarsa ta karkata wajensu. Tambayar da kusan kowa yake fara yi ita ce, “Nawa ne wannan?” Tambaya ce mai kyau, sai dai ta yi gaggawar zuwa, domin kuɗin da ake miƙa wa mai dashe shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da shuka za ta ci kafin ta kama ƙasa. Sauran kuɗin yana wajen mai ruwa, da wajen kafa shinge, da kuma shekarun da za a yi ana jira.

Duk wanda ya yi rani ɗaya a garin nan ya san dalili. Ruwan sama yana zama ne daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, kuma abin da yake sauka a shekara a birnin Katsina da Daura bai cika nisa da milimita 600 ba, alhali Funtuwa da ke kudancin jihar tana samun wajen 1,000 ko fiye. Daga nan sai hunturu ya zo da busasshiyar iska mai tsotse danshin ganye, bazara ta biyo baya da zafin da yake haura digiri 40 a watan Afrilu, ƙasar kuwa galibi jigawa ce, wadda ruwa yake wucewa ta cikinta kamar an zuba a rariya. A ɗauka ka sayi dashen da zai riƙa shan rabin jarka, yau a ba shi, gobe a tsallake. Daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Mayu kwana 243 ne, ban-ruwa sau 120 ke nan da ɗoriya, wato jarka 60 a rani guda. Ka tambayi ɗan ga-ruwan unguwarku nawa yake sayar da jarka yau, ka ninka sau 60, sannan ka ajiye wannan lissafi kusa da farashin da mai dashe ya faɗa maka. Idan dashe goma ka kwaso saboda ka ga sun yi araha, to jarka 600 ka ɗora wa kanka. Mai rijiyar burtsatse a gida ma bai tsira ba, domin injin da yake jawo ruwan yana cin wuta ko mai.

Saboda haka a tsakar gida ake fara aikin tun kafin a fita titi. Ka zagaya gidanka da hantsi, ka sake zagayawa da azahar da kuma la'asar, ka lura da inda rana take daɗewa da inda katanga take yin inuwa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ka nemo wuraren da ruwa yake zuba kullum ba tare da an saye shi don shuka ba, kamar wurin da ake alwala, da gindin randa, da bakin famfo, da inda ake wanke shinkafa da kayan miya. Gidan da mutum shida suke alwala sau biyar a rana, buta talatin ce take ƙarewa a wuri ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa ya riƙe zogale biyu da gindin lalle har ruwa ya sauka. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin haka, shi ya sa a tsofaffin gidajen cikin birni a bakin makwarara ake samun lalle da zogale. Ruwan wanki mai omo ne ya kamata a kauce wa, musamman ga abin da za a ci ganyensa. Bayan wannan ka auna tazarar da ke tsakanin inda kake son yin dashe da katanga, da ramin sokawe, da wayar wutar da ta bi ta sama. Idan kuwa haya kake yi, ka bar duk abin da sai ya shekara uku kafin ya haihu, ka koma ga abin da zai zauna a cikin yankakkiyar jarka, ko tsohon bokitin fenti, ko buhu, wanda za ka iya ɗorawa a mota ranar tashi, muddin ka huda ƙasansa don ruwa ya riƙa fita.

Abin da bai kamata a saya ba

Akwai shuke-shuken da sayensu a garin nan asarar kuɗi ce, domin maƙwabcinka zai ba ka su kyauta, har ma ya ji daɗi da ka tambaya. Zogale ne a kan gaba. Reshe mai kaurin sanda, tsawon kamu biyu, idan aka kafa shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa da farkon damina, cikin makonni kaɗan zai yi toho. Amma a wajena iri ya fi reshe, domin wanda ya fito daga iri yana tura saiwa ƙasa sosai, ya fi jure fari da iska, kuma gara ba ta cika samun hanyar shiga jikinsa kamar yadda take shiga yankakken reshe ba. Ƙwaya biyu a rami, zurfin gaɓar yatsa, kafin mako biyu sun fito, bayan wata biyu zuwa uku an fara tsinkar ganyen kwaɗo. Abin da mutane suke mantawa shi ne datse kansa idan ya kai ƙugu, domin ya yi rassa ta gefe. Idan aka ƙyale shi sai ya miƙe ya wuce katanga, ganyen ya koma can sama inda sai da doguwar sanda ake kaiwa, kuma iskar hadari ta farko tana iya karya shi.

Lalle da rumman da shuwaka duk da reshe ake yaɗa su. Na'a-na'a kuwa ɗan tsinke ɗaya mai saiwa ya isa ya cika bokiti cikin wata guda idan yana samun danshi da 'yar inuwa, alobera kuma tana fitar da 'ya'ya a gindinta har mai ita ya rasa inda zai kai su. Alayyahu da rama da yakuwa da lalo da kuɓewa irinsu ake saye a ƙulli a kasuwa, ba a sayen dashensu. Wanda yake son ɗanyen ganyen kuka ba sai ya jira shekara ashirin ba, kuma ba sai ya dasa kuka a tsakar gida ya jawo wa kansa maganar iskoki daga bakin tsofaffi ba. Zai iya jiƙa 'ya'yanta a ruwan zafi su kwana, ya shuka su kusa da kusa a ɗan fage kamar alayyahu, ya riƙa yankan ganyen tun tsayinta bai wuce gwiwa ba. Tumatir da tattasai da albasa da salak su ne suka fi son sanyin hunturu, kuma dashensu ya fi araha a hannun masu noman rani, irin na bakin madatsar Ajiwa ko ta Jibiya, fiye da a hannun mai sayar da fulawa.

Gwanda tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta. Idan ka sayi mai zaƙi a kasuwa, 'ya'yan da ke cikinta sun ishe ka iri, kuma kafin shekara ta zagayo tana iya fara haihuwa. Matsalarta ita ce akwai namiji akwai mace, ba a kuma gane su sai sun yi fure. Namijin yakan fitar da ƙananan furanni masu yawa a kan dogayen tsinkaye da suke rataye, macen kuwa furenta babba ne, manne da jikin itacen. Duk mai dashen da ya nuna maka 'yar gwanda mai ganye huɗu ya rantse mace ce, fata yake yi maka kawai. Dabarar ita ce a shuka uku a wuri ɗaya, idan sun yi fure a bar mace a sare sauran, a bar namiji ɗaya a gida ko a maƙwabta. A kuma tuna cewa gwanda tana son ruwa amma ba ta son ya kwanta a gindinta, marka ta kwana biyu tana iya ruɓar da saiwarta idan a kwari aka dasa ta.

Inda fitar da kuɗi yake da riba

Shekarar da na tare a gidana, na tsaya wajen wani mai dashe a bakin hanya, ya nuna mini mangwaro biyu. Ɗaya gajere ne, bai wuce gwiwa ba, da wani ƙulli a jikinsa kamar ƙafar da aka yi wa ɗori. Ɗayan ya kai kafaɗata, ganyensa kore shar, kuɗinsa kuma bai kai rabin na gajeren ba. Na tambaye shi ko dogon ma ɗan aure ne, wato wanda aka yanko reshen wani mangwaro mai kyawun 'ya'ya aka haɗa masa, sai ya ce mini, “Malam, ai duk gidansu ɗaya.” Ban ƙara tambaya ba, na ɗauki dogon ina ganin na yi wayo. Shekara bakwai ina ba shi ruwa. Da ya tashi haihuwa sai ga ƙananan 'ya'ya masu zare, waɗanda yaran unguwa ma sai sun rasa abin yi suke jifa. Inuwarsa dai muna sha har yau, amma ba inuwa na je saye ba.

Mangwaro ɗan aure yakan fara haihuwa a shekara ta uku ko ta huɗu, kuma irin 'ya'yan uwar da aka yanko reshen daga jikinta zai yi, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa yakan kai shekara shida zuwa takwas, kuma abin da zai haifa sai an gani. Idan aka koma ga lissafin jarka, shekara uku ko huɗun da ke tsakani sun ninka bambancin farashin sau da yawa. Gane ɗan aure ba shi da wuya. Ka duba jikin itacen kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa, za ka ga tabon inda aka haɗa, wani lokaci da ragowar ledar da aka ɗaure shi da ita, kuma sau da yawa launin ɓawon sama ya bambanta da na ƙasa. Tabon ya zama ya warke sarai, sama da shi kuma a sami sabon toho mai ƙarfi, domin auren da aka yi makon jiya bai nuna ko zai kama ba tukuna. Lemo ma haka ake duba shi, sai dai shi sau da yawa idon toho ɗaya ake dasa masa, don haka za ka ga ɗan lanƙwasa a inda sabon reshen ya fito. Idan ka kai gida, kada ka binne tabon a cikin ƙasa, kuma duk tohon da ya fito a ƙasa da shi ka cire shi tun yana ƙarami, in ba haka ba shi zai rinjayi auren, ka wayi gari da mangwaro mai zare bayan ka biya kuɗin mai zaƙi irin Binta siga. Wannan ne ma dalilin da ya sa ɗan aure ya fi kyau a saye shi wajen wanda yake da mazauni, wanda za ka koma ka same shi baɗi, ba wajen mai tura kura yana yawo ba.

Sai dai kafin a kai ga mangwaro, a tambayi fili. Babban mangwaro yana son tazarar mita takwas zuwa goma, abin da yawancin filayen da ake yankawa yanzu ba su da shi bayan an gama gini. Ga ƙaramin gida ni gwaiba nake fara ba da shawara, domin dashenta ba shi da tsada, tana haihuwa a shekara ta biyu ko ta uku, kuma idan ta kama ƙasa tana jure ƙishirwa. Bayanta sai lemun tsami, wanda babu makon da ba a nemansa a gida, sai rumman, sai kuma magarya 'yar aure mai manyan 'ya'ya irin wadda ta yaɗu wajen maƙwabtanmu na Nijar, wadda ita ce mafi ƙarancin shan ruwa a cikinsu duka. Ayaba da lemun zaƙi na masu wadatar ruwa ne. Dabino kuwa yana da shiga rai, kuma ƙasarmu tana karɓarsa, amma shi ma akwai namiji akwai mace, wanda aka shuka daga ƙwallo sai ya shekara da shekaru kafin a san ko wane ne, sannan ko macen ce sai an ɗauko furen namiji an kaɗa mata. Mai son dabino da gaske ya nemi ɗan da aka ɓanɓaro daga gindin uwar da aka san 'ya'yanta, ko ya tuntuɓi tashar binciken dabino da ke Dutse a Jihar Jigawa, ya kuma shirya biyan kuɗi mai kauri, domin wannan ba ya cikin sahun masu araha.

Duban dashe kafin ciniki

Wani dattijo da ya daɗe yana renon dashe, wanda yanzu wajensa nake zuwa, shi ya koya mini duban gindin leda kafin duban ganye. Na nuna wata doguwar gwaiba da ta fi sauran kyau, sai ya ce, “Ɗaga ta tukuna, ɗana.” Na kama ledar da hannu biyu, ta ƙi ɗaguwa. Da na durƙusa sai na ga saiwa mai kaurin yatsa ta huda ledar ta shige ƙasa. Ya ce, “Ka gani? Ta riga ta yi gida a nan. In na cire maka ita, saiwar da take ci da ita zan tsinke, ka kai ta gida ta yi kwana uku ta bushe, ka ce Baba ya cuce ka.” Ya jawo wata 'yar ƙarama daga bayan jeri, wadda ban ko kalla ba, ya juya ta ya nuna mini fararen saiwoyi sirara da suka fara leƙowa ta hudojin ledar. Ita na ɗauka, kuma a damina ta biyu ta wuce tsayin waccan.

Abin da ake nema shi ne dashen da girmansa ya dace da ledarsa. Dogon itace a ƙaramar leda ya daɗe a ciki, saiwarsa ta nannaɗe kanta kamar gammo, kuma ko an dasa shi yakan ci gaba da zagaya kansa maimakon ya nutsa ƙasa neman danshi. Ƙaramin ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka, ya kuma fi saurin kamawa. Akwai kishiyar wannan, wato reshen da aka soka a leda jiya ko shekaranjiya bai yi saiwa ba. Ka kama gindinsa ka ɗan ja a hankali, idan ya taho ba tare da turjiya ba, ka mayar ka wuce. Ka juya ganye ka dubi bayansa, domin can ɗarɓa da fararen ƙwarin nan masu kama da auduga suke ɓuya, idan kuma ka ga tururuwa suna hawa da sauka a jikin dashe, akwai abin da suke kiwo a sama. Ganyen da ya nannaɗe ko ya yi rawaya-rawaya, musamman a gwanda da lemo da tumatir, kada ka karɓe shi ko a matsayin gyara, domin cutar da zai kai wa sauran shukokin gidanka ta fi ƙarfin kyautar.

A kan itacen inuwa ba sai an tsawaita ba, domin bedi, wanda wasu suke kira darbejiya ko dogon yaro, ya riga ya ci gari. Asalinsa daga Indiya ne, ta Borno aka shigo da shi Najeriya a 1928, amma yau ya zama ɗan gida, har ƙananansa suna fitowa da kansu a gindin iyayensu da damina, mai so ya tona ya ɗauka. A ƙofar gida ya dace, nesa da katanga da sokawe da aƙalla mita biyar. Cediya da durumi inuwarsu ta fi sanyi, amma saiwarsu ba ta ragawa harsashin gini, itacen turare kuma yana da saurin girma da tsananin shan ruwa, ga rassa masu karyewa. Katsina tana cikin jihohi 11 na Najeriya da suke cikin shirin nan na Tarayyar Afirka na kafa ganuwar itatuwa don tare hamada, wanda aka ƙaddamar a 2007, kuma da damina akan yi gangamin dashen itatuwa inda ake raba dashe kyauta ko a farashi mai rahusa, don haka yana da kyau mutum ya leƙa sashen gandun daji na ƙaramar hukumarsa kafin ya buɗe aljihu. Mai neman shinge kuma ya tuna da aguwa, wadda ake kafa rassanta a ƙarshen rani kafin ruwa ya sauka, ba ta neman ban-ruwa, dabbobi kuma ba su damu da ita ba.

Furanni ne wurin da aka fi yin asara, musamman gab da salla ko biki, lokacin da kowa yake son ƙofar gidansa ta yi kyau cikin mako guda. Da yawa daga cikin masu faɗin ganye da sheƙi daga wurare masu laima ake kawo su, a ajiye su a ƙarƙashin rumfa ana yayyafa musu ruwa safe da yamma, ranar da suka haɗu da hunturun Katsina kuwa sai bakin ganyen ya ƙone kamar an kara masa wuta. Hanya mafi sauƙi ta zaɓe ita ce ka zagaya unguwa a watan Afrilu, ka ga abin da yake fure a gidajen da ba su da mai ban-ruwa. Za ka tarar da bogenbiliya, mai ƙaya da furanni kamar takarda, wadda ƙarancin ruwa da tsananin rana suke ƙara mata fure, za ka kuma tarar da ƙariya. Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to ƙariyar lambu dama don furen ake dasa ta, tana yinsa a tsakiyar rani, kuma yawan ruwa ne yake kashe ta. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, haka ma 'ya'yan cin-da-zugu, don haka gidan da yake da ƙananan yara a nisanta su daga inda suke wasa. Ciyawar kafet kuwa, a ganina, ba ta da gurbi a cikin maganar araha a garin nan. Duk wanda ya shimfiɗa ta ba shi da rijiya, zuwa watan Maris zai ga ta koma tabarma.

Lokacin saye, da kai dashe gida

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ruwa ya zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa cikin Yuli, domin dashe ya sami wata biyu ko uku yana shan ruwan da ba ka biya ba, ya tura saiwa kafin iska ta juya. Akan sami rangwame a watan Satumba da Oktoba lokacin da masu dashe suke son rage kaya, amma wannan rangwamen mai ruwa ne zai karɓe shi. Idan za ka je, ka haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku ku saya tare, domin wanda ya ɗauki goma yana da bakin ciniki fiye da wanda ya ɗauki ɗaya, kuma idan an yi sallama ka nemi gyaranka a reshen rumman ko ɗan na'a-na'a. Ka tambayi mai dashen sau nawa yake ba shi ruwa, kuma a rana yake ajiye shi ko a inuwa. Wanda ya tashi a ƙarƙashin rumfa, ka ba shi kamar mako guda a gefen katanga inda rana take samunsa da safe kawai, kafin ka fitar da shi fili.

Ka ɗauko shi da sassafe ko da yamma, ka lulluɓe ganyen da buhu idan a babur ko Napep za ka ɗora shi, domin iskar gudu tana busar da shi kafin a isa, kuma ta leda ake ɗaukarsa, ba ta wuya ba. Ramin ya zama an haƙa shi tun kafin ka je saye, faɗi ƙafa biyu, zurfi ƙafa biyu. A sabon gida sau da yawa abin da ke ƙarƙashin yashin sama ɓaraguzan bulo ne da ragowar siminti, sai an kwashe su an cika ramin da ƙasa mai kyau haɗe da kwanon sarki ɗaya na takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yana ƙone saiwa, busasshen da bai ruɓe ba kuma yana kiran gara. Bayan la'asar ake dasawa. A yanka ledar da reza a cire ta gaba ɗaya ba tare da an fasa dunƙulen ƙasar ba, a ajiye shi daidai zurfin da yake a leda, a danna gefe, a yi masa ɗan gurbi mai riƙe ruwa, sannan a shayar da shi sosai.

Da rani akwai dabarar da take rage yawan jarkokin nan da muka ƙirga. Ka sami ƙaramin tulu na ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, ka binne shi har wuya kamar taƙi biyu daga gindin dashen, ka cika shi da ruwa ka rufe bakinsa saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta sha ba, yashi bai kwashe ba, kai kuma sai bayan 'yan kwanaki za ka ƙara. Busasshen ganyen bedi da aka shimfiɗa a kewaye yana riƙe danshi, amma kada ya taɓa jikin itacen.

Saura akuya. Lemun tsami na farko da na dasa a ƙofar gida kwana tara ya yi. Na fito da safe na tarar da tsinke a tsaye, akuyar maƙwabcina tana gefe tana tuƙa. Da na kai masa ƙorafi sai ya yi murmushi ya ce, “Haba Malam, ai duk abin da dabba ta ci a dashenka sadaka ce aka rubuta maka.” Ban iya musa masa ba, domin gaskiya ya faɗa, amma kuɗin lemon ɗan aure daga aljihuna suka fita. Ƙayar magarya ko ta aduwa tana tare awaki idan an jera ta da kauri, tsohon gidan sauro da aka ɗaura a kan sanduna huɗu ma yana yi na ɗan lokaci, sai dai iskar bazara ba ta barinsa. Ni yanzu ba na kawo dashen ƙofar gida sai bulon kewayensa ya riga shi isowa, guda 24, huɗu a kowane jeri har jeri shida, ba siminti, a kwantar da wasu ta gefe don ramukansu su riƙa shigar da iska, idan itacen ya fi ƙarfin akuya kuma a kwashe bulon a kai wa na gaba.